Maza 32 da aka mayar asalin Hausawa

Duk shekara idan damina ta ja baya, jerin nan da ake kira na Stanford yakan fito, jami'o'inmu kuma su cika Facebook da hotunan malamai: wane ya shiga kashi 2 cikin ɗari na manyan masanan duniya. Barka ta dace, sai dai yawancin masu tafin ba su san abin da aka auna ba. Farfesa John Ioannidis da abokan aikinsa, waɗanda suka fara fitar da jerin a 2019, ba zama suke yi su karanta binciken kowa ba. Rumbun Scopus na kamfanin Elsevier suke shiga su ƙirga sau nawa wasu masu bincike suka ambaci takardar mutum a cikin tasu. Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005 shi ma ƙirge ne: wanda nasa ya kai 20 yana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Malaman hadisi sun daɗe da sanin cewa shaharar magana a bakin jama'a daban, ingancin isnadinta daban.

Akwai wata takarda da ta shafe mu kai tsaye, wadda za ta nuna haka. A 2008 Hisham Hassan da Farfesa Muntasir Ibrahim na Cibiyar Nazarin Cututtukan Gida ta Jami'ar Khartum, tare da Peter Underhill da Luca Cavalli-Sforza na Stanford, suka wallafa bincike kan kuromosom ɗin Y na maza 445 daga al'ummomin Sudan 15. Wannan kuromosom shi ne ɓangaren ƙwayar halitta da uba ke miƙa wa ɗansa namiji kaɗai ta cikin maniyyi, kusan ba tare da ya gauraya da na uwa ba, don haka ake bin sawun kakanni maza da shi. Hausawan da aka ɗibi samfurinsu 32 ne. An sami 13 a cikinsu, wato kusan kashi 40 cikin ɗari, suna ɗauke da reshen da ake kira R1b, wanda ya fi yawa a tsakanin mazan Yammacin Turai.

Aiki ne mai kyau, kuma marubutan ba su yi da'awar da ta wuce abin da ke hannunsu ba. Bayan ya bar hannunsu ne aka yi masa kwalliya. Takarda ta ambaci takarda, Wikipedia ta ɗauka, daga nan samari suka kwashe, har yau kana iya cin karo da mai rantse maka cewa kimiyya ta tabbatar kusan rabin Hausawa jinin Turawa ne. Al'ummar da ta kai miliyoyi masu yawa daga Agadas zuwa Kumasi, an yanke mata hukunci da maza 13. Ko da Fulvio Cruciani da tawagarsa suka zurfafa a 2010, sun nuna cewa irin R1b da ke yankin Tafkin Chadi wani reshe ne na daban mai suna V88, wanda ya rabu da na Turai tun dubban shekaru, kuma ya fi yawa a wasu ƙabilun duwatsun arewacin Kamaru. Hausawan Najeriya da ke cikin wannan binciken 10 ne kacal, biyu aka samu da shi. Kuma idan mutum ya koma baya kaka goma, yana da magabata 1,024 a lissafi, ɗaya tak daga cikinsu ne ya ba shi Y.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu yaɗa adadin ba sa tambayar su wane ne Hausawan Sudan ɗin nan, ko me kalmar "asali" ta jawo musu.

Hanyar hajji ce ta fara kai su, tun ƙarnoni kafin Bature, a ƙasa da jaki, ana tafiya ana noma ana tara guzuri, wasu su isa Makka, wasu su yada zango har abada. Babban kwararo ya biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, gwamnatin mulkin mallaka ta buƙaci hannaye, Hausawa da Fulani da Barebari da mutanen Darfur suka zama su ne masu shuka da tsinka. Daga Kamlin da ke kan hanyar Khartum zuwa Madani har can kudu, ƙauyukansu na nan. Kaɗan ne suka mallaki hawasha, gonar da hukumar aikin ke rabawa. Da yawa sun zauna a kambo, matsugunin leburori a gefen magudanar ruwa, jika ya gaji kaka a wurin ba tare da takardar fili ba. Sunan da aka haɗa Hausawa da Fulani da Barebari a ciki shi ne Fallata.

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disambar 1897. A lura, ta wajen uba. Layin da masu binciken Y suke bi da na'ura, shi ne layin da ma'aikacin ofis ya bi da biro ya hana mutane takardar jinsiyya, domin mutanen Burmi bayan wannan ranar suka iso. An sassauta dokar daga baya, amma tambayar "daga ina kakanka ya zo" ba ta mutu ba. A Oktoban 2008, shekarar da takardar Hassan ta fito, jaridar Al-Ayyam ta ruwaito Shugaba Umar al-Bashir yana cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne. Ya musanta, amma sai da aka zubar da jini a Gadarif. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su masarauta, a Oktoba kuma aka kashe sama da mutum 200 a Wad al-Mahi. Dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati sun mamaye Jazira a Disambar 2023, kuma da sojoji suka ƙwato Madani a Janairun 2025 mazauna kambo, irin su Kambo Tayba, aka far wa bisa zargin haɗa baki da RSF. A irin wannan ƙasa, adadin da ke cewa kakanninka baƙi ne ba abin wasa ba ne a hannun ɗan siyasa.

Ga kuma ɓangaren ilimin irin namiji da ya fi taɓa gidajenmu, wanda ba ya samun masu yaɗawa. Mace ana haihuwarta da ƙwayayenta a shirye. Namiji kuwa ƙwayoyin da ke samar da maniyyi suna rabuwa kusan duk kwana 16 tun daga balaga har tsufa, kuma kowace rabuwa sabon kwafin DNA ce da kuskure kan iya shiga. Wani likitan Jamus, Wilhelm Weinberg, ya lura tun 1912 cewa wani nau'in wadanci ya fi faɗa wa 'ya'yan auta. Sai a 2012 kamfanin deCODE na Ayisilan ya auna iyalai 78 ya gano cewa kowace shekara da uba ya ƙara tana ƙara wa ɗansa sababbin sauye-sauye kusan biyu. Yawancinsu ba sa cutarwa, kada a tsorata kowa. Amma a al'ummar da dattijo mai shekara 65 ke ɗaura sabon aure, idan yaro ya zo da nakasa kuma a kalli amarya, ya kamata a san wannan. Haka batun rashin haihuwa: tun 1976 Tiepolo da Zuffardi a Italiya suka gano cewa ɓacewar wani yanki na Y na hana maniyyi samuwa, kuma likitoci sun yarda kusan rabin matsalar ma'aurata akwai hannun namiji a ciki. Duk da haka mace ake kaiwa wurin mai magani, ita ake yi wa kishiya, maigida ko gwaji ɗaya bai yi ba.

Farfesa Muntasir, wanda gwamnatin Bashir ta tsare a 2019 lokacin zanga-zanga, yana cikin waɗanda suka daɗe suna cewa 'yan Afirka su yi nazarin ƙwayoyin halittarsu da kansu. Yaƙin da ya fara a 15 ga Afrilun 2023 ya rufe Jami'ar Khartum ya warwatsa malamanta, Jami'ar Jazira da ke Madani ita ma ta sha wawaso. Nauyin ya dawo kan Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai. Asusun TETFund na raba kuɗin bincike duk shekara, kwamitocin ƙarin girma kuma ƙirgen takardu da ambato suke yi, shi ya sa malami ya gwammace ya rubuta gajerun takardu goma da ya shafe shekara biyar yana bin ƙauyuka. A ware kuɗi domin bincike ɗaya mai maza dubbai, da izininsu, a koma a faɗa musu sakamakon da Hausa, a kuma saka 'yan gudun hijirar Jazira da malaman Sudan da suka rasa ɗakunan gwajinsu. Asibitocin koyarwa kuma su daina buɗe wa mace fayil ɗin neman haihuwa sai mijinta ya zo an gwada shi a rana ɗaya.