Mota mai shan baƙin mai: abin da shuɗin hayaƙi ke faɗa

Ba a daɗe da yin juye ba, ƙarƙashin mota babu ɗigo ko ɗaya, amma sandar awo ta nuna baƙin mai ya yi ƙasa. Ina ya tafi? Inji ne ke ƙone shi tare da fetur.

Shaidar tana bakin salansa. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, fari mai kauri kuwa ruwa ne ke shiga inji. Shuɗi-shuɗi mai ƙauri shi ne na baƙin mai. Idan da safe kawai yake fitowa, an tayar ya turnuƙe sannan ya ɗauke, galibi robobin bawul ne suka bushe, mai ya kwana yana tsiyaya. Idan kuwa sai an taka totur yake bulbulowa, zargi ya koma kan ringin fistin, kuma wannan aikin buɗe inji ne. Kafin a kai nan, a sa bakanike ya duba ɗan bawul ɗin PCV, mai arha ne, kuma toshewarsa kaɗai na iya jawo matsalar.

A ƙasarmu ƙura ce babbar abokiyar gaba. Matatar iska da ta yage tana barin rairayin hunturu ya shiga yana goge ringi kamar sanfefa. Wasu injunan kuma da halinsu suka zo: injin Toyota 2AZ-FE mai lita 2.4, na Camry 2007 zuwa 2009, ya yi suna wajen shan mai.

Gwajin ba ya cin ko dala. A cika mai zuwa layin sama, a tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, inji a sanyaye. Tsakanin layukan biyu kusan lita ɗaya ne a yawancin ƙananan motoci. Wanda ya je Yamai daga Maraɗi ya dawo, fiye da kilomita 1,200, ya tarar mai ya sauka layin ƙasa, to motarsa na buƙatar awon matsin inji.

Masu aiko kuɗi daga waje a saya musu mota su kula: wasu dillalai na zuba mai mai kauri don hayaƙi ya lafa ranar ciniki. A ce wa ɗan'uwa ya je da sassafe kafin a tayar da ita, ya sa a kwance buji. Idan bakinsa ya jiƙe da mai, a rage kuɗin gyaran inji daga farashin, ko a nemi wata.