Kafin a Kaɗa Shanu Kasuwa: Lissafin Karatun Likita a Ƙasar Waje

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, akwai gidaje a Kankiya da Kusada da ake raba dare ana shawara. Yaro ya ci darussan kimiyya duka, makinsa na JAMB ya yi kyau, amma Zariya shiru, Kano shiru, Sakkwato ma haka. Dalilin a fili yake. Hukumar kula da aikin likita ta ƙasa, MDCN, ita ke yanke wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta, masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa.

A irin wannan lokaci ne ejan makarantun ƙasar waje ke sallama. Ya zaro waya ya nuna hoton dogon bene da ɗalibai cikin farar riga, ya ce, "Alhaji, nan ba ruwanka da yajin aiki, shekara shida cif ɗanka ya zama dokta." Maganar yajin aikin gaskiya ce, wanda ya ga wata takwas da aka yi a 2022 ba ya musu. Washegari sai ka ga uba tsaye a bakin garke yana ƙirga bijiman da za a kai kasuwar Charanchi.

Kuɗin shekarar farko yake ƙirgawa, kuma nan kuskuren yake. Makarantun nan da dala ake biyansu. Har zuwa tsakiyar 2023 iyaye kan biya ta banki a farashin gwamnati, kusan naira 460 kowace dala. Da aka saki naira a watan Yuni na shekarar, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Shanu ba su haihu ninki uku a wata takwas ba. Ɗalibin da kuɗi ya yanke masa a aji huɗu ya fi kowa asara, domin ba lallai wata jami'a a gida ta karɓe shi a ajin da ya tsaya ba.

Masu sa'a su ne waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, kamar ɗalibai 41 da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta tura Masar. To amma mutum 41 a jiha mai ƙananan hukumomi 34, kowa ya yi rabon da kansa.

Sai abin da babu ejan da ke ambata. Shekara da shekaru kafin 2023 Sudan ce ta kasance zaɓin mutanenmu: ga addini, ga sauƙin kuɗi, ga 'yan'uwa Hausawa da suka zauna can tun zamanin tafiya hajji a ƙasa, har uba kan saki jiki ya tura 'ya mace. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Aka kwaso ɗalibai a motoci, wasu suka yi kwanaki a iyakar Masar, da yawa ba su fito da takardun sakamakonsu ba. Shekara guda kafin nan ɗaliban da ke Yukren sun ɗanɗana irin wannan wahala ta yaƙi, MDCN kuma ta ce ba ta yarda da karatun likita ta intanet ba.

Ko an gama lafiya, takardar waje ba ta ba mutum izinin taɓa majiyyaci a Najeriya sai ya ci jarrabawar MDCN, sannan ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. A zaman da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a Nuwamban 2023, mutum 836 suka zauna, 433 suka faɗi. Ni ban ɗauka ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba. Hannu ne bai saba ba. Wanda ya yi karatu inda majiyyata ke magana da yaren da bai iya ba, kallo ya fi yi a ɗakin marasa lafiya. Cututtukan ma daban ne. Shiga ɗakin yara a babban asibitin Kankiya cikin watan Agusta: ga wanda zazzaɓin cizon sauro ya sa shi jijjiga, tafin hannunsa fari fat, ga mai sikila yana murƙususu, ga mai tamowa da kumburarrun ƙafafu. Ɗalibin Zariya ya ga irinsu ba adadi kafin ya gama. Na ƙasar ƙanƙara a littafi ya san su.

Ban ce kada a tafi ba, akwai ƙwararrun likitocinmu da Alƙahira da Khartum suka yaye. Amma gidan da sai ya sayar da gona kafin ya biya shekara ta biyu, gara yaron ya sake zama JAMB, ko ya duba makarantar koyon aikin lafiya da ke nan Kankiya, duk da dai ita ba likita take yayewa ba. Wanda kuwa ke da ƙarfin shekara shida, ya tuntuɓi MDCN da kansa kan makarantar kafin ya ba ejan ko sisi, ya tambayi ko tana da asibitinta kuma da wane harshe majiyyata ke magana. Idan yaron ya zo hutu, a nema masa izini ya riƙa bin likitoci zagayen safe, ko da jakar awon jini kawai za a ba shi ya riƙe.