Jirgin Marayu: Ranar Da Jijiyoyin Jirgi Suka Tsinke A Sama

A wannan fitowa mun ɗauko muku labarin wani jirgin soja da aka ɗora wa amanar yara ƙanana.

A ranar 4 ga Afrilu 1975, yaƙin Biyetnam yana gab da ƙarewa, wani ƙaton jirgin sojan saman Amurka, samfurin C-5A Galaxy, ya tashi daga filin Tan Son Nhut na birnin Saigon da mutane fiye da 300. Mafi yawansu jarirai ne da yara da aka kwaso daga gidajen marayu, ko da yake daga baya ta bayyana cewa wasu yaran da aka fitar a wannan shiri iyayensu suna raye.

Kafin mu ci gaba, sai mun fahimci abin da ake kira haidirolik. Ƙarfin hannun ɗan Adam ba ya iya juya fikafikai da wutsiyar jirgi mai wannan girma. Saboda haka akwai mai da ake matsawa da ƙarfi cikin bututu, kamar yadda man birki yake aiki a mota; matuƙi ya taɓa sanda, man ya kai umurni. Wannan jirgi yana da irin waɗannan hanyoyi guda 4, domin in ɗaya ta mutu saura su riƙe.

Bayan kamar minti 12 da tashi, suna bisa teku a tsawon wajen mita 7,000, makullan ƙofar kaya ta baya suka saki. Ƙofar ta fizge, ta tsinke igiyoyin da ke sarrafa wutsiya, hanyoyin mai 2 suka tsiyaye. Kyaftin Dennis Traynor da mataimakinsa Kyaftin Tilford Harp suka ja sanda, hancin jirgi bai amsa ba.

A nan ne abin da ya fi ba mu mamaki yake. Ba su tsaya kokawa da abin da ya riga ya mutu ba, sai suka nemi abin da ya rage da rai: injuna 4 da ɗan ikon karkata fiffike. In suka ƙara wuta hanci ya ɗaga, in suka rage ya sunkuya. Amma jirgin yakan yi jinkirin amsawa, yana hawa yana gangarowa, dole matuƙi ya riga shi tunani. Suka raba aiki, ɗaya a kan injuna, ɗaya a kan karkatawa, suka juyo da shi Saigon.

Wajen kwana ta ƙarshe zuwa fili jirgin ya soma nutsewa da sauri. Suka ba shi wuta duka, ya dafa wata gonar shinkafa, ya sake tashi, ya ƙetare kogin Saigon, ya bugi wata ganuwar ƙasa ya rabu 4. Mutane 138 suka rasu, 78 daga cikinsu yara. Inna lillahi! Mafi yawan waɗanda ke benen sama sun tsira. Na ƙasa, wurin kaya, kaɗan ne suka fita. Wata ma'aikaciyar jinya, Regina Aune, da karaya a ƙafarta ta yi ta miƙa yara zuwa jirage masu saukar ungulu har ƙarfinta ya ƙare.

Bincike ya nuna cewa an taɓa cire wasu sassan makullan ƙofar don gyaran wani jirgi, kuma da aka mayar ba a daidaita su yadda ya kamata ba.