Ruwan Tiga Ba Ya Hawa Tudun Kazaure

Da zarar an kwana ana ruwa a watan Agusta, kafin gari ya waye saƙon murya ya gama zaga wayoyi daga Kazaure har Babura: an saki madatsar Tiga. Wani ya ƙara da cewa Kamaru ma ta buɗe madatsar Lagdo, kowa ya yi ta kansa. Tun da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, irin wannan magana ta ƙara samun masu saurare, kuma wanda ya ga hotunan wancan bala'i ba za a ga laifinsa ba don ya tsorata.

Sai dai ruwa yana da hanyarsa. Tiga tana kudu da Kano. Abin da ya fito daga cikinta Kogin Kano yake bi, ya haɗu da na Challawa, ya ratsa Wudil, ya gangara Ringim da Haɗeja. Lagdo kuwa a kan Kogin Binuwai take, masu fargabarta su ne mutanen Adamawa da Taraba da Binuwai da Kogi. Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura suna can arewa maso yammacin Jigawa, ba a kan ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu ba. Mutumin Auyo ko Ringim yana da dalilin sa ido kan Tiga. Mutumin Roni da katangarsa ta zube da asuba, ruwan da ya kayar da ita a kan rufinsa da na maƙwabtansa ya sauka.

Illar jita-jitar ke nan. Muddin an jingina laifin ga wata madatsa mai nisa, babu mai ɗaukar shebur ya nufi kwatar ƙofar gidansa, kuma babu mai tambayar kansila ina aka kwana kan kwalbatin da ta toshe tun bara.

Lissafin ba shi da wuya. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ne. Idan aka yi milimita 50 cikin dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a tsakiyar damina, gida mai rufin kwano murabba'in mita 100 zai zubo da lita 5,000, wato duro 25 cike fal. A lissafa gidajen unguwa guda, a haɗa da tsakar gidan da aka daɓe da siminti, da kwalta, da harabar kasuwa, duk inda ƙasa ba ta shan ko ɗigo. Wannan ruwa gaba ɗaya lungu ɗaya zai nufa, cikin sa'a ɗaya ko biyu.

Shi kansa ruwan ya sauya hali. Iska mai ɗumi tana riƙe danshi fiye da mai sanyi, kusan kashi 7 cikin 100 ga kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi, shi ya sa in hadari ya tashi saki sai ya juye da yawa a lokaci guda. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna manyan hadura masu tsananin ruwa a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Manomi a Gwiwa zai iya ƙirga makonni biyu gero na yaushi, sannan dare ɗaya ya kwashe masa kunya.

A nan tarihi ya yi wa yankin tarko. Garuruwan nan sun buɗe sosai bayan farin 1973 da na 1984, shekarun da ruwa ya yi ƙaranci har mutane suka saba ganin kwari a bushe. Aka yanka filaye a fadama. Aka cike kududdufai da shara aka sayar. Kududdufi kuwa, ramin da kakanni suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini, shi ne ma'ajiyar ruwan unguwa: ya karɓi na indararo da na lungu, ya riƙe, ƙasa ta sha a hankali har rijiyoyi su amfana. Wanda ya gina shago a kansa bai kori ruwan ba, ɗakin maƙwabcinsa ya nuna masa. Kuma irin wannan fili ba ya sayuwa sai da sa hannun wani mai hatimi.

Yanayin ƙasar ma ba ɗaya ba ne. A Kazaure da Roni duwatsu ne, ruwa yana gangarowa da gudu, ya tafi da ƙasar da aka sare itatuwanta, ya ci gindin hanya har ƙaramin zazzago ya zama kwazazzabo. A wajen Babura rairayi ne shimfiɗe, iskar rani tana tara yashi a magudana, ruwan farko ya zo ya tarar da hanyarsa a cike. Maganin wuri ɗaya ba zai yi wa ɗayan ba, amma sau da yawa zane ɗaya ake kwafowa daga ofis a ba ɗan kwangila.

Kwalbati ita ce abin da aka fi rainawa. A tsuguna a leƙa cikin wadda take bakin kowace kasuwa a watan Mayu: rabinta yashi ne, saura ledar fiya-wata da robar lemo da tsumma. Bututun da aka ninka faɗinsa yana ɗaukar ruwa fiye da ninki huɗu, don haka 'yar ragin da aka yi wajen awo don a tsimi siminti babbar asara ce ranar da hadari ya sauko. Hanyar da aka ɗaga ba a bar mata isassun kafofi ba kuwa madatsa ce, sunanta kawai hanya. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya biyo ta Kazaure shi ma tudu ne mai tsawo, kuma haƙƙin dagatai da manoman da ke gefensa ne su nemi a nuna musu inda ruwan gonakinsu zai bi.

Gidan ƙasa ba daga sama yake mutuwa ba. Ruwa ne yake kwanciya a gindin katanga, tubali ya jiƙe ya yi laushi, nauyin sama ya durƙusar da shi, galibi cikin dare mutane na barci. Maginan zamanin da sun san haka. Suna ɗaga gindin gini, su sa dogon indararo da zai jefa ruwa nesa, su yi yaɓe da makuba ko laso kafin damina. Yau layi biyu ko uku na dutse ko bulo a ƙasa, da ɗan gangare da zai kori ruwa daga jikin bango, sun fi buhun shinkafar agaji araha nesa ba kusa ba.

Makaranta da asibitin unguwa su ya kamata a fara da su, domin nan ake gudu idan gida ya rushe. A ɗaga daɓensu. A ɗaure katakon rufi da langa-langa a jikin bim don iskar farkon damina. A ɗaga bakin rijiya da na burtsatse, a nesanta masai da su, saboda amai da gudawa kan biyo bayan ambaliya. A 2025 an ƙaddamar da makarantu da asibitoci 84 a Kano da Jigawa da aka gyara don jure zafi da ambaliya da tallafin Birtaniya da UNICEF. Aiki ne mai kyau, amma 84 a jihohi biyu masu ƙananan hukumomi 71 somin-taɓi ne.

In ana neman madatsar da za a sa wa ido, tana nan a gida. Madatsar Muhammadu Ayuba da ke Kazaure tana cikin waɗanda aka gina tun zamanin tsohuwar Jihar Kano, shekara hamsin ke nan ko kusa. Madatsar Bagauda, 'yar wancan zamani, ta ɓalle a Agustan 1988. Bangon ƙasa yana son dubawa kowace shekara: tsagewa, yoyo, ramin gara, itacen da ya yi saiwa a jikinsa, da mafitar rarar ruwa. Jama'ar da ke kwana a ƙasanta sun cancanci a gaya musu yaushe aka duba da abin da aka gani.

Gargaɗi dai ba ya yankewa. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar lura da ruwan koguna, NIHSA, tana bi da jerin wuraren da ke cikin haɗari, ga shirin ACReSAL na Bankin Duniya mai dala miliyan 700 da Jigawa take ciki, ga kuɗin asusun muhalli da ke shiga jiha da ƙananan hukumomi. Abin da ya fi fitowa a labarai shi ne motar hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, da tabarmi da bandir ɗin kwano bayan an yi jana'iza. Yashe magudana ba ya tara 'yan jarida, kuma a Maris da Afrilu ake yinsa, lokacin da masu unguwanni za su iya kiran gayya, ƙaramar hukuma ta kawo tifa ta kwashe yashin. In aka bar shi tsibi a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi inda aka ciro shi.