Damtsen da Ya Ƙi Sacewa

An yi wa wata mata tiyatar sankarar mama, aka haɗa da kaluluwar hammata aka cire. Bayan 'yan shekaru hannunta na wannan ɓangaren ya kumbura daga yatsu har kafaɗa, mai kama da tundurmi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: farin ruwan jiki da ke bin ƙananan magudanai zuwa hammata ya rasa mafita, sai ya kwanta. Aka yi makonni ana tausa, ana naɗewa da bandeji. Bayan hannu ya sace, sangalin hannu ya ragu, har zobe ya sake shiga yatsa. Damtse kuwa ko gezau.

Me ya riƙe shi? Da farko an yi zargin gudan jini ya toshe jijiya, ko kuma sankarar ce ta dawo. Hoto ya kore duka biyun.

Sai likita ya koma ga babban yatsansa. Ya danna sangalin da ƙarfi na kusan minti ɗaya, da ya ɗaga sai ga rami ya zauna, kamar an danna tuwo mai ɗumi. Ya danna damtse, naman ya taso nan take, babu ko alama. Ruwa ne yatsa ke iya korawa gefe. Ke nan abin da ke cikin damtsen ba ruwa ba ne.

Aka yi mata allurar wani koren rini, ICG, a tsakanin yatsu, aka rage fitila, aka haska da kyamara ta musamman. Daga wuyan hannu siraran layuka masu haske suka miƙe sama, shaidar magudanan wurin da sauran rai. Da aka wuce gwiwar hannu layukan suka ɓace, hasken ya watsu a fata kamar hazo. Can magudanan sun riga sun lalace.

Bakin zaren yana birnin Malmo na Suwidin, inda aka fara zuƙe irin wannan hannu a 1987, aikin da likita Håkan Brorson ya shahara da shi. Abin da ke fitowa kitse ne. Ruwan da ya daɗe kwance yana sa kitse ya yi ta haɓaka a ƙarƙashin fata, shi kuwa ko an shekara ana ɗaure shi ba zai motsa ba. Ina jin tausayin matan da aka riƙa ce wa ba sa naɗe hannu yadda ya kamata, alhali ba laifinsu.

Ita kuwa matar, aka raba aikinta gida biyu. A sangali aka bi salon Isao Koshima na Japan: a ƙarƙashin madubin likita aka ɗinke magudanan da kaurinsu bai kai milimita 0.8 ba da ƙananan jijiyoyin jini, ruwan ya sami sabuwar hanya. A damtse aka zuƙe kitsen ta ƙananan huji. Da ta farfaɗo aka sa mata safar hannu mai matsewa, aka gaya mata tun daga ranar dare da rana za ta riƙa sawa, domin idan ta ajiye ta ruwan zai sake taruwa.