Marubutan Waya Bayan Rufe OkadaBooks

A ranar 30 ga watan Nuwamba na 2023, kamfanin OkadaBooks ya rufe manhajarsa bayan shekara goma yana sayar da littattafai ta waya. Okechukwu Ofili ne ya kafa shi a 2013, kuma da zai yi sallama matsin tattalin arziki ya ambata. Labarin bai yi wani amo a Arewa ba, alhali littattafan Hausa, galibinsu na mata, sun cika wannan manhaja maƙil. Shirinmu na yau zai nuna cewa faɗuwar irin waɗannan ƙananan kamfanoni ta fi yi wa marubucin karkara illa, wato na Daudawa da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, fiye da takwaransa na birnin Kano.

Mu ɗan koma baya. Tun daga shekarun 1980, lokacin da buga ƙagaggun labarai ya yi rauni a hannun manyan kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya, marubutan Hausa suka koma buga littattafansu da kuɗinsu. Haka Balaraba Ramat Yakubu ta yi, haka Ado Ahmad Gidan Dabino, haka ma Bilkisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa, wadda garinsu ke maƙwabtaka da Faskari. Sai dai cibiyar wannan kasuwa Kano ce. Can injinan ɗab'i suke, can dilolin littattafai suke, daga can ake lodi zuwa Katsina da Gusau da Maraɗi. Yarinyar da ta cika littafin makaranta da labari a Daudawa, kafin labarin ya ga hasken rana tana buƙatar jari, da kuɗin mota, da izinin gida, da wani sananne a Kano da zai tsaya mata. Manhajar sayar da littafi ta sauke mata wannan kaya gaba ɗaya. Daga ɗakinta za ta ɗora labarin, ta yanka masa farashi, kamfani ya karɓi kuɗin mai karatu, ya cire nasa kason, ya turo mata saura. A yankin da hanya ta zama abin tsoro saboda 'yan bindiga, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Me ya kayar da irin waɗannan kamfanoni? Lissafin ne ba ya fita. Littafin da ake sayarwa naira 300 ko 500 a lokacin, kason kamfani a ciki bai taka kara ya karya ba, ga shi kuwa hayar na'urorin ajiya da sauran kayan aikin manhaja yawanci da dala ake biya. Da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, aka saki naira a watan Yuni, sai kuɗin tafiyarwa ya yi sama, aljihun mai karatu kuma ya yi ƙasa. Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. A Amurka, shagon All Romance eBooks ya rufe bagatatan a ƙarshen 2016, ya yi wa marubuta tayin kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da suke binsa. Kamfanin Macmillan ma ya rufe dandalin Pronoun a farkon 2018. Bambancin shi ne marubucin Turanci yana da Amazon da zai ruga, na Hausa kuwa masu karatunsa ba can suke ba.

To ina aka koma? WhatsApp da Telegram, inda dama can ake harkar tun kafin rufewar. Marubuciya za ta saki shafukan kyauta, in labari ya ɗauki zafi sai ta sanar cewa daga nan littafin kuɗi ne. Mai so ya tura kuɗi asusunta, ya aiko da shaidar biya, a jefa shi zauren waɗanda suka biya. Masu kare wannan tsari suna da hujja mai ƙarfi: babu mai cire kaso, babu jiran ƙarshen wata, kuɗi na shiga nan take, kuma marubuciya ta san masu karatunta ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya ne, kuma akwai waɗanda suka yi suna har suke samun abin rufin asiri ta haka. Amma a dubi abin da ya hau kanta. Ita ce mai rubutu, ita ce mai gyara, ita ce mai talla, ita ce akawu mai tantance shaidar biya ta gaskiya da ta bogi, ita ce kuma mai gadi. Gadin nan kuwa ba ya yiwuwa, domin mutum ɗaya cikin zauren ya isa ya fitar da littafin, kafin gari ya waye ya zaga zauruka, wani ya dunƙule shi ya raba kyauta, wani ya karanta shi a YouTube ya ci kuɗin talla. Shi ya sa za ka ga littafi ya buɗe da Allah ya isa ga duk wanda ya fitar, kafin ma a gabatar da jarumar labari. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta tanadi yadda za a nemi a sauke abin da aka sata a intanet, amma wa zai bi wa marubuciyar Sabuwa wannan kadi? Kamfani mai ɗaruruwan marubuta yana iya rubuta takardar koke a saurare shi, mutum ɗaya kuwa sai haƙuri.

Abin da ya faru a watan Satumba na 2021 ya fi kowace hujja fito da maganar fili. Gwamnati ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da Funtuwa, aka shafe watanni babu sabis. Wadda littafinta ke kan manhaja, ko wayarta na kashe, mai karatu a Kaduna ko Yamai ko Jidda yana iya saye, kuɗinta na taruwa yana jiranta. Wadda cinikinta ke hannunta a WhatsApp kuwa, ranar da sabis ya ɗauke ranar kasuwa ta tashi: babu sabon shafi, babu karɓar sabon mai biya, masu karatu kuma ba su san uzuri ba, sai su koma wajen wata. Manomin Daudawa, garin da ya yi suna da auduga tun zamanin Turawa, ya san wannan darasi: komai kyan audugarka, in babu wurin awo da injin gurza a Funtuwa, sai dai ka sayar wa duk wanda ya zo bakin gona a farashin da ya ga dama.

Wasu za su ce adabin Hausa bai taɓa dogara da kamfani ba, kuma ya rayu, har ƙona littattafai da aka yi a Kano a 2007 bai kashe shi ba. Haka ne, rubutu ba zai mutu ba. Amma littattafan wancan zamani takarda ce. Saboda takarda ce Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka iya tattara jerin waɗanda aka buga daga 1987 zuwa 2002, saboda takarda ce ɗalibin jami'ar Bayero ko ta Umaru Musa 'Yar'adua zai iya nemo su yau ya yi nazari. Labarin da aka rubuta a waya, aka raba shi shafi-shafi a zaure, in wayar ta faɗa ruwa ko aka rufe lambar, shi ke nan. Ba shi da lambar rajista, ba a kai kwafinsa Ɗakin Karatu na Ƙasa ba, wani lokaci ma wanda ya sata ya goge sunan mai shi. Manhaja, duk da nata aibin, tana riƙe suna da ranar ɗorawa da adadin waɗanda suka saya. Da ta rufe, wannan shaida ma ta bi ta.

Akwai kuma masu nuna ArewaBooks da Wattpad su ce ai ba a rasa mafita ba. Wattpad na ƙasar Kanada ne, kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a 2021, kuma yawancin marubutan Hausa suna ne suke samu a can, ba kuɗi ba. ArewaBooks kuwa namu ne, ya san kasuwar, amma yana fama da naira ɗaya da tsadar data ɗaya da waɗanda suka gabace shi. Saboda haka, a ganin wannan shiri, kafin marubuci ya miƙa littafi ga kowace manhaja ya kamata ya ga abu biyu a rubuce: cewa mallakar littafin tana hannunsa, da kuma yadda za a biya shi ragowar kuɗinsa a mayar masa da rubutunsa in an rufe. Ƙungiyoyin marubuta, har da reshen Ƙungiyar Marubutan Nijeriya (ANA) na Katsina, su ne ya kamata su tsara irin wannan yarjejeniya da Hausa, su kuma zauna da hukumar ɗakunan karatu ta jiha a kan ajiye kwafin duk littafin waya da aka kammala, da sunan mai shi da shekarar da ya gama.