Abin da hunturun Sandamu bai koya mini ba

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Daura bayan sallar asuba a hunturun da ya wuce, wataƙila ya taɓa ganin wani siririn saurayi da kambas ɗin gwanjo yana gudu a gefen kwalta, ba mai korarsa. To ni ne. Daga gidanmu a Sandamu zuwa cikin Daura kusan kilomita goma ne, in na je na dawo na ci ashirin ke nan. Wata huɗu ina haka, don na ɗaura niyyar shiga gudun fanfalaki na Legas, wanda ake yi a watan Fabrairu tun 2016. Kuɗin mota kuwa ɗan abin da na tara ne lokacin SIWES. Da na faɗa wa Baba, cewa ya yi, “Yanzu kai har Ikko za ka tafi don ka yi gudu? Filin gonarmu ya yi maka kaɗan?”

Tsawon wannan gudu kilomita 42 ne da mita 195, ma'aunin da aka gada daga gasar Olamfik ta Landan a 1908. Ni lissafina mai sauƙi ne: tunda ina cin ashirin ba tare da na galabaita ba, ai ninkawa kawai zan yi. Ashe ba haka jiki yake aiki ba.

Jiki yana ajiye wani nau'in sukari a cikin tsoka da hanta, shi ne man da yake fara ƙonawa in ana gudu. Ajiyar ba ta da yawa. Ga yawancin mutane, wajen kilomita talatin take ƙarewa, sai jiki ya koma dogaro da kitse, shi kuma kitse a hankali yake ba da ƙarfi. Masu gudu suna kiran wannan wuri bango, kuma wallahi sunan ya dace. Maganinsa sananne ne: ka riƙa yin doguwar tafiya a hankali lokacin atisaye har ka kai talatin ko fiye, ran gasa kuma ka fara cin wani abu mai zaƙi tun kafin ka ji yunwa. Ni ban taɓa wuce ashirin da biyar ba, dabinon da na zuba a aljihu kuma sai da ƙafa ta mutu na tuna da shi.

Amma abin da ya fi kayar da ni iska ce. A nan gida lokacin hunturu iska busasshiya ce, gumi yana fitowa take shanye shi, kuma wannan bushewar ita ke sanyaya jiki. Shi ya sa nake dawowa daga Daura rigata a bushe, ina ganin kaina gwani. Legas bakin teku ce, iskarta cike da laima. Gumi ya fito, ba inda za shi, sai dai ya yi ta zuba, zafi kuma yana taruwa a ciki. Zuciya ta ƙara bugu don tura jini zuwa fata, tsoka ta samu kaɗan. Mun tashi daga babban filin wasa na Surulere da sassafe, kafin mu sauka daga gadar Third Mainland na jiƙe sharkaf kamar an tsamo ni daga rijiya. Da na sani, da na riƙa yin wasu ranakun atisaye da hantsi, rana ta ɗan ɗaga, don jiki yana sabawa da zafi cikin kamar mako biyu.

A kilomita talatin da uku jijiyar ƙwaurina ta ɗaure, na zauna a bakin titi. Wani dattijo da ya haife ni ya tsaya, ya miƙo mini ruwan gishiri da sukari, ya ce in tashi in taka ko da tafiya ce. Haka na yi, gudu kaɗan, tafiya kaɗan, har Eko Atlantic. Awa biyar saura minti takwas. Marigayi Kelvin Kiptum na Kenya ya yi irin wannan nisa a Chicago cikin awa biyu da daƙiƙa 35 a 2023, wato da zai gama, ya yi wanka, ya ci abinci, ni ban kai talatin ba.

Lambar tana rataye a ɗakin Inna. Baba har yau bai ce komai a kanta ba, sai dai ranar Juma'a na ji shi yana faɗa wa maƙwabcinmu nisan, har da mita 195 ɗin.